Ɗaukar Hoto Don Sha'awa: Fim Baƙi da Fari a Kudancin Kaduna

Masu ɗaukar hoto a ƙasar nan iri uku ne. Akwai ma'aikacin gwamnati ko na jarida, wanda ake turawa da kyamara ya bi gwamna ko sarki, ya ɗauko bikin buɗe asibiti da hawan daba. Akwai mai shago a bakin titi, wanda ke jiran mai son hoton fasfo ko na aure, da shi yake ci. Na ukunsu shi ne wanda ya sayi kyamara da kuɗin aljihunsa, babu wanda ya aike shi, babu kuma wanda zai biya shi, sha'awa kurum ta sa shi. A kan wannan na ukun laccar take, tare da kayan aikin da ya yi amfani da su kafin zuwan wayar hannu, watau fim baƙi da fari. An zaɓi a kafa misalai da ɓangaren Kaduna da ke kudu da kogi, domin a nan ne aka fi ganin abin da aikin ɗan sha'awa ke iya adanawa, da kuma abin da ake gab da rasawa idan ba a yi hattara ba.

Garin ma'aikata

Tun kafuwar Kaduna kogi ya raba ta biyu. Sa'ad da Gwamna Lugga ya mai da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, a arewacin kogi aka gina ofisoshi da gidan gwamna. Kudu kuwa sai ta zama ta jirgin ƙasa, don a nan tashar mahaɗa take, inda layin da ya taso daga Ikko ya gamu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 waɗansu masaƙu suka biyo baya, kamar su Nortex, da Arewa Textiles mai hannun Japanawa, da United Nigerian Textiles mai hannun 'yan kasuwar Hong Kong. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta soja, sa'an nan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci, duk a wannan yanki.

Waɗannan masana'antu su suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da mutane, daga baya garin ya miƙe har Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. A kan ƙasar Gbagyi aka tara Hausawa da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Igala da Nufawa da Yarbawa da Ibo, suna tsaye kan inji ɗaya, suna haya a gida ɗaya. Abubuwa biyu game da irin wannan mutum sun shafi zancen hoto. Na farko, yana karɓar albashi a ƙarshen wata, saboda haka yana iya tara kuɗin abin da ba na dole ba. Na biyu, ya baro iyayensa a wani gari mai nisa, yana kuwa so su gan shi da sabon kekensa, da matarsa, da ɗan da aka haifa masa, domin gani ya kori ji. Mai shago ya biya wannan bukata gwargwado, amma hotonsa na kwalliya ne, a gaban labule mai zane, kowa ya sa rigar Salla ya daskare. Wanda yake da kyamarar kansa shi ne ke ɗaukar tsakar gida yadda take, da 'yan ƙwallon masaƙa bayan an tashi wasa, da ma'aikatan safe suna fitowa a kan kekuna na dare suna shiga.

Yadda kyamara ta zo hannun talaka

Tushen kyamara tsohon ilmi ne. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a cikin Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma idan ya shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar kafa sai ya zana siffar abin da ke waje a jikin bango, kai ƙasa ƙafa sama. Duk yaron da ya taɓa kwanciya da rana a ɗakin soro mai hujajjen ƙyaure ya ga inuwar masu wucewa a juye. Ita kalmar kyamara ma daga Latin ta fito, ma'anarta ɗaki. Abin da ya gagari mutane ƙarnuka da dama shi ne yadda za a kama siffar nan ta zauna. Wannan bai samu sosai ba sai a 1839, lokacin da aka bayyana dabarar Daguerre a Faransa.

Ko a sa'an nan aikin na masu hali ne da masana magunguna. George Eastman na Amurka shi ya sauko da shi ƙasa: a 1888 ya fito da Kodak mai naɗaɗɗen fim na hoto 100, a 1900 kuma ya fito da Brownie, ɗan akwati da ake sayarwa dala ɗaya. Akwatin nan ya yi tasiri a Afirka ta Yamma fiye da yadda ake zato. Seydou Keita na Bamako kafinta ne, kawunsa ya kawo masa Brownie tsaraba daga Senegal a 1935. J. D. Okhai Ojeikere na Nijeriya ya sayi Brownie D a Inugu a 1950 a kan fam biyu, maƙwabcinsa ya koya masa yadda ake riƙe ta. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna wajen 1,000, dukansu baƙi da fari. Su biyun nan da sha'awa suka fara. Abin da ya sa duniya ta san su a ƙarshen rayuwarsu kuwa, ban da gwaninta, shi ne sun adana fim ɗin da suka ɗauka, ba su zubar ba. Za a komo kan wannan batu nan gaba.

A shekarun 1960 zuwa 1980 kyamarorin da suka fi yawa a hannun jama'a iri biyu ne. Akwai mai ido biyu, irin su Yashica, wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama; tana cin fim mai lamba 120, wanda ke ba da hoto 12, kowanne santimita 6 tsawo 6 faɗi. Akwai kuma mai cin fim na milimita 35, irin su Zenit ta Rasha mai araha da Pentax K1000 da ta fito a 1976, wadda ke ba da hoto 24 ko 36. Ƙarancin nan ya yi wa ɗan sha'awa tarbiyya: wanda ya san 12 kaɗai gare shi ba ya danna kyamara sai ya duba da kyau.

Dodon hoto

Fim leda ce mai haske da aka shafa wa wani irin ƙaro da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikin ƙaron kuma akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa ƙwayar nan sai ta sami wani canji da ido ba ya gani. Idan aka tsoma fim a ruwan magani na farko, ƙwayoyin da haske ya taɓa sai su rikiɗe su zama baƙar azurfa, waɗanda bai taɓa ba su zauna yadda suke. Magani na biyu, wanda masu sana'a ke kira haifo, shi ke narkar da sauran gishirin ya fitar da shi, don kada haske ya ƙara yi masa aiki. Sakamakon haka wurin da ya fi haske a zahiri shi ya fi duhu a fim: farar riga ta zama baƙa, baƙar fuska ta zama fara, idanu su yi kamar garwashi. Hausawa ba su yi kuskure ba da suka sa masa suna dodon hoto. Daga dodon nan ake buga hoto a takarda, a sake juya shi ya koma daidai, kuma ana iya buga ɗari daga guda ɗaya.

Farar riga da baƙar fuska

Kyamara tana da hanyoyi biyu na auna hasken da zai shiga. Ɗaya ita ce tagar da ke cikin idonta, mai lambobi 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22; duk lambar da aka ƙara gaba an rage rabin haske ke nan. Ɗayar ita ce ƙyauren da ke buɗewa ya rufe cikin wani yanki na daƙiƙa, kamar 1/60 ko 1/125 ko 1/250. Shi ma fim yana da lambar saurinsa: FP4 na kamfanin Ilford 125 ne, HP5 da Tri-X na Kodak 400 ne. Tsohuwar ƙa'ida ita ce, a rana tsaka mai ƙwalli a sa taga a 16, a sa ƙyaure daidai da lambar fim, watau 1/125 ga fim mai 125. Idan hazo ya rufe rana sai a buɗe zuwa 11 ko 8. Da wannan kaɗai mutum zai iya aiki ba tare da ma'aunin haske ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙa'idar nan, da ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, an gina su ne a kan abu mai launin toka-toka, wanda ke mai do da wajen kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. To, a ɗauki magidanci ranar Juma'a, da farar babbar riga ta shadda, yana tsaye a rana, hularsa ta yi wa idanunsa inuwa. Hasken da rigar ke mayarwa ya ninka na fuskar sau da yawa. Ma'aunin zai ga farin rigar ya ruɗe, ya ba da shawarar a rage haske, sai hoto ya fito da riga mai kyau da baƙin dunƙule a maimakon fuska. Wannan shi ne aibin da ya fi yawa a tsofaffin albam, har waɗansu suka ɗauka kyamara ba ta son baƙar fata. Laifin na awo ne. Maganinsa shi ne a auna hasken fuska, a ƙara buɗe taga da lamba ɗaya ko biyu, sa'an nan wajen wanki a rage lokacin magani na farko da kamar kashi ɗaya cikin biyar, don kada rigar ta toshe ta rasa aikin allurar da ke wuyanta.

Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne a guji rana tsaka ɗungum. Gindin mangwaro, ko bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, ko la'asar sakaliya, duk sun fi. Farin bango ko farin zane da yaro zai riƙe a gefe yana mai do da haske kan fuska, ba a kashe ko kwabo ba. Hazon hunturu kuwa, wanda matuƙan jirgin sama ke kuka da shi, abokin mai hoton fuska ne, don yana tausasa rana ya kashe kaifin inuwa. Wanda yake so ya ɗauki gada ko dogon bututun masaƙa daga nesa shi ne zai jira bayan ruwan sama, sa'ad da iska ta wanku. Ya kamata dai ya tuna cewa gada da barikin soja da masana'antar makamai wurare ne da jami'an tsaro ba sa wasa da mai kyamara a kusa da su.

Wanki da yanayin Kaduna

Wanke fim baƙi da fari ba ya bukatar wutar lantarki, wannan kuwa babbar falala ce a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Abin da ake bukata shi ne duhu ƙirin na 'yan mintoci, a naɗa fim a kan ƙwarƙwaronsa da lalube, a sa a gwangwanin wanki a rufe. Daga nan sauran aikin a fili ake yinsa: a zuba magani na farko, a riƙa juya gwangwanin daƙiƙa 10 a kowane minti, a zubar, a ɗauraye, a zuba haifo na minti 5 zuwa 10, sa'an nan a wanke da ruwa mai gudu kamar minti 20 zuwa 30, a shanya.

Wahalar tana wajen zafi. Kamfanonin fim sun tsara lokutansu ne a kan ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne zafin ɗaki a Turai. A Kakuri cikin watan Maris ko Afrilu zafin rana yana haura 35, ruwan famfo kuma ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Magani kuwa yana ƙara sauri da zafi: aikin minti 10 a digiri 20 yana komawa kamar minti 7 a digiri 24, idan kuma lokacin ya gaza minti 5 sai wankin ya yi dabbare-dabbare. Fim na da ma ƙaronsa yakan yi laushi a ruwan ɗumi har farce ya kwashe shi, shi ya sa Kodak ya taɓa haɗa magani na musamman don ƙasashe masu zafi. Mai firji yana sa ƙanƙara a kwano ya tsoma kwalaben magani. Wanda ba shi da ita yana da randa, wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa da bushewa, ta fi kuwa yin aiki da rani, lokacin da aka fi bukatarta. Sharaɗi ɗaya ne: dukan ruwan da fim zai shiga, tun daga na farko har na ɗauraya, zafinsu ya zama kusan ɗaya. Idan aka fitar da shi daga mai sanyi aka jefa a mai ɗumi sai ƙaron ya yamutse kamar fatar kada.

Da asubahin Disamba da Janairu ruwa yakan sauko kusa da digiri 20 da kansa. Sai dai a watannin nan ne ƙura ta fi yawa, jiƙaƙƙen fim kuwa duk ƙwayar ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan, za ta fito farin ɗigo a kowane hoto da aka buga. Dabarar ita ce a yayyafa ruwa a daɓen makewayi, a rataye fim, a rufe ƙofa, kada kowa ya shiga sai ya bushe. Bushewar iska tana kuma tara wata 'yar wutar lantarki a jikin leda, wadda idan aka naɗe fim da gaggawa takan bar zane kamar walƙiya a tsakiyar hoto. Da damina sai matsalar ta juye: ruwa ya gurɓace sai an tace shi, fumfuna kuma ta shiga idon kyamara ta yi masa yanar da ba ta goguwa.

Buga hoto a takarda shi ke son wuta da injin faɗaɗawa, ana kuwa yinsa a ƙarƙashin jan ƙwai, domin takardar ba ta ganin ja. A nan ne hannun mai aiki ke bayyana. Yana iya tare haske da yatsunsa daga kan fuska na 'yan daƙiƙoƙi don kada ta yi duhu, ya ƙara wa riga don aikinta ya fito. Gaggawa a wajen ɗauraya ita ke kashe hoto: takarda ta asali tana son wankin kusan awa ɗaya, haifon da ya saura a cikinta kuwa shi ne ke mai da hoto rawaya bayan shekaru. Yawancin hotunan sha-yanzu-magani-yanzu na bakin kasuwa ta nan suka lalace.

Yadda abin ya ja baya

Tun da azurfa ce jinin fim, tsadarta tsadarsa ce. A farkon 1979 oza ɗaya tana wajen dala 6, a Janairun 1980 ta kusa dala 50, kamfanonin fim suka ƙara kuɗi. A Satumban 1986 gwamnatin Babangida ta saki darajar naira, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin mai albashi. A tsakanin nan kuma injinan wanke hoto mai kala suka bazu, jama'a suka ga baƙi da fari ya zama na da. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba aka sa mata kyamara. A 2012 Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi, alhali kuwa injiniyansa Steven Sasson ne ya ƙera kyamarar farko marar fim a 1975.

Garin da aka ɗauka a hotunan shi ma ya sāke. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka watse. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa iyalai da yawa ƙaura, Musulmi zuwa arewacin kogi, Kirista zuwa kudu, an kuma ƙona gidaje da abin da ke cikinsu. Saboda haka hoton 'yan ƙwallon masaƙa na shekarun 1970, inda Musa da Yohanna suka dafa kafaɗar juna, ya tashi daga abin tunawa na gida ɗaya ya zama shaidar wani zama da matasan garin da yawa ba su riska ba. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, dukansu a arewacin kogi suke, akasarin abin da suka tara kuma takardun mulki ne da na manya. Tarihin ɗakin haya na Makera yana cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, tare da gara da kyankyaso.

Abin da ya rage

Har yanzu ana yin fim baƙi da fari. Ilford yana fitar da FP4 Plus da HP5 Plus a Ingila, Kodak yana yin Tri-X, sai dai da kuɗin waje ake sayensu. Ɗalibin da ya sami tsohuwar Yashica ta mahaifinsa zai iya ta da ita, tun da ba ta cin batir wajen ɗauka. Ko magani na farko ana iya haɗa shi a gida: a 1995 wani aji a Cibiyar Fasaha ta Rochester a Amurka ya nuna cewa kofi yana fito da hoto, daga baya aka riƙa haɗa shi da sodar wanki da bitamin C. Kanwa dangin sodar nan ce, amma ba tatacciya ba ce, ƙarfinta ba ya daidaita. Haifo kam sai an saya.

Aikin da ya fi gaggawa dai shi ne na tsofaffin hotuna. Siffar baƙi da fari azurfa ce, idan an wanke ta da kyau tana haura shekara 100. Ta mai kala rini ce, shi ya sa hotunan auren 1985 suka koma ja-ja alhali na kakanni suna nan garau. Dodon hoto ya fi takarda daraja, ko da yake shi aka fi zubarwa, don yara suna wasa da shi suna kallon rana. Idan ya fara warin tsami, ledarsa ta fara ruɓewa ke nan, sai a ware shi daga sauran a kwafe shi tun da wuri. Ko da waya ana iya yi, a ɗora shi a kan farin haske a ɗauka, a juya launin a kwamfuta. Albam mai danƙo yana cin bayan hoto, like shi cikin leda da zafi kuwa ba ya warwaruwa. Ambulan na takarda, a wuri mai sanyi nesa da bango mai laima, ya fi su duka. A bayan kowane hoto a rubuta sunayen mutanen da ke ciki daga hagu zuwa dama, da unguwa, da shekara, da sashen masaƙar da suka yi aiki, tun masu iya gane fuskokin suna raye. Da fensir mai laushi ake rubutawa, domin tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓullo a kan fuska.